Kulɓa Mai Gani da Ido Rufe

Talata, 9 ga Satumba, bayan la'asar

Yau na yi dariya har cikina ya ƙulle. Malama Odette, matar nan da ta zo daga Paramaribo, babban birni, tana farautar ƙadangaru, wadda ta sauka a tsohon gidan manajan gandu, ta bar takalmanta na roba a bakin ƙofa. Ni kuwa ina dawowa daga gonar rogo na tarar da wata kulɓa ƙatuwa kwance kan rimin da ya faɗi a bakin daji, tana shan rana, jiki sai sheƙi kamar an shafa mata man kwakwa. Ko gudu ba ta iya yi saboda ƙiba. Na damƙe ta, na zuba ta a takalmin hagu, na laɓe bayan ayaba.

Ihun da Malama ta yi sai da kajin unguwa suka amsa. Amma da ta leƙa cikin takalmin sai ta yi tsit. Ta durƙusa ta zazzage kulɓar a tafin hannu kamar wadda ta tsinci zinari.

Ta ce, "Legimin, fito, ga ƙafarka nan ina gani. A ina ka samo min wannan?"

Wasa ya lalace. Ka tsokani mutum yana yi maka godiya.

Sai dai ba duka kulɓar ta shiga takalmin ba. Wutsiyar ta rage a hannuna tana ta wutsil-wutsil. Asara ce a yar da irin wannan. Na zo gida na cusa ta a sabuwar tukunyar ƙasa da Mbah Wagiyem, kakar matata, ta tanada don haihuwar matar tawa Mirah, can ƙarƙashin farin ƙyalle. Kullum da safe sai ta buɗe tukunyar ta gyara kayan ciki. Gobe tsohuwa za ta yi rawa ba kiɗa.

Laraba, 10, hantsi

Ba ta buɗe ba.

Ta ɗauko tukunyar, ta ɗaure murfin da tsumma, ta yi ƙulli uku. Ta ce shiri ya ƙare. Akwai gishiri, akwai shinkafa, akwai allura da zare, akwai takardar da ta sa na rubuta alif, ba, ta. Ba a ƙara buɗewa sai ranar da za a sa mabiyiya a binne.

Na ce, "Mbah, bari in duba ko rubutuna ya fita."

"Rubutun naka kamar kaza ta yi tono? Ya fita haka. Abin da aka ba tukunya an ba yaro. Allura don kaifin hankali, takarda don karatu. Kai da ina nan lokacin da aka binne taka, da na hana su sa barkono."

Mirah tana dariya tana riƙe ciki. Sai Mbah ta juyo gare ni, dariyar ta bar fuskarta.

"Na ji labarin takalmi. Min, mijin mai ciki ba ya taɓa mai rai. Tun watan fari aka hana ka kamun kifi, kaza ma maƙwabci ke yanka mana. Ka san mutumin nan Kasan da ya ɓalle wa ƙaguwa hannu matarsa na da ciki. Ka san hannun ɗansa. Kulɓar nan, lafiyarta ƙalau ka ba matar?"

Na ce lafiya lau.

Ai ba ni na cire wutsiyar ba. Ita ta sake ta.

Ta kai tukunyar ɗakinta ta sa a akwatin katako.

Juma'a, 12, bayan an sauko

Na leƙa wurin Malama Kwalba. Sunan da na raɗa mata ke nan, don teburinta cike yake da kwalabe, kowace da ƙadangare a ciki yana iyo a sifirit, ruwan hana ruɓewa, ido buɗe. Tawa ba ta cikinsu, alhamdu lillahi. Tana cikin akwatin gilashi da ganye da ɓawon ice.

Malama ta sa min madubin ƙara girma a ido. Bayan kulɓar ruwan tagulla, da ɗige-ɗige baƙi, da wani baƙin zane daga ido har gindi. Ta ce da can duk kulɓar ƙasashen nan suna ɗaya ake kiransu, daga baya masana suka zauna suna ƙirga ɓawon jikinsu kamar mai ƙirga ɓawon kifi, suka raba su gida-gida. Ta dajinmu tana da gidanta, amma wannan ɓawon bayan kanta bai yi daidai da na 'yan gidan ba. Wataƙila wata iri ce da ba a taɓa raɗa wa suna ba.

Na ce, "To a yi suna mana, a soya ayaba."

Ta ce ba haka ake yi ba. Kafin a ba iri suna, sai an sa guda ɗaya a kwalba, ita za ta riƙe sunan har abada, duk mai gardama ya zo ya duba.

Na ce, "Malama, mu akuya muke yankawa mu raɗa wa yaro suna. Ku mai sunan kuke yankawa?"

Ta yi dariya har da tari. Ta ce kakannin kulɓar nan ma ba 'yan nan ba ne, daga Afirka suka ƙetaro teku a kan gungumen ice. Na ce ashe ita ma 'yar kwantiragi ce irin uwar Mbah, wadda jirgi ya kawo daga ƙetaren teku don aikin gandu.

Sai ta ce, "Ba yanzu zan sa ta ba. Ina jira ta haihu."

Na ce, "Ta yi ƙwai dai."

"A'a, haihuwa. Wannan ƙibar da kake gani ciki ne. Irinsu ba sa ƙwai. Wata tara suke ɗauka, har fiye, ɗan yana ci daga jikin uwa ta mabiyiya, kamar mutum. In ta haihu ta cinye mabiyiyar. Watanta ya kusa."

Na matsa kusa da gilashin. Kulɓar ta rufe ido. Na matsa dama, kanta ya biyo ni. Na matsa hagu, ya biyo ni.

Malama ta ce, "Fatar idonta ta ƙasa tana da 'yar taga kamar gilashi. Ko ta rufe ido tana ganinka."

Inda wutsiyar take ya yi baƙi.

Lahadi, 14, azahar

Mbah na barcin rana. Na shiga a kan yatsu. Ƙafarta ɗaya a kan akwatin da tukunyar ke ciki.

Litinin, 15, azahar

Yau ma.

Alhamis, 18, la'asar

Ruwa a tsakiyar rani. Tun Talata rana ba ta leƙo ba. Tsofaffi a masallaci suna cewa ba su taɓa gani ba, amma su kullum ba su taɓa gani ba.

Mirah ta ƙi cin abinci. Na soya mata rogo da busasshen kifi, da yaji yadda take so, ta kalla ta kau da kai. Na sa kwandon shinkafa a ka na yi mata tafiyar Mbah, ɗuwawu a baya, ina ƙunƙuni. Da, sai ta jefe ni da takalmi. Yau cewa ta yi, "Kang Min, sanyi nake ji. Har cikin ƙashi." Kang, wato yaya, haka mata ke kiran miji a nan.

Na je wurin Malama. Kulɓar ta shige ƙarƙashin ɓawo, ta ƙi cin komai tun Talata. Malama ta ce ba abin damuwa ba ne, irinsu jikinsu ba ya yin ɗumi da kansa, rana suke ara. In babu rana sai su kwanta.

Tun Talata.

Ni ban haɗa komai da komai ba. Rubutawa kawai na yi.

Asabar, 20, da safe

Ɗan da ke cikin Mirah bai motsa ba tun jiya.

Asabar, bayan la'asar

Mun je asibiti a motar maƙwabci. Nas ta ɗora abin saurare, ta daɗe. Ta ce zuciya tana bugawa, sai dai a hankali, kamar mai barci mai nauyi. Ta ce Mirah ta kwanta ta gefen hagu, in bai motsa ba zuwa Litinin mu dawo a wuce da ita birni.

A hanya Mbah ta zauna kusa da ni. Hannuna kawai take kallo. Na sa shi a aljihu.

Da muka iso na bi ta kicin. Na ce, "Mbah, in mutum ya yi wani abu da wasa, ba da niyya ba..."

Sai ga Mirah a bakin ƙofa tana dafe da bango. "Wane abu, Kang?"

Na ce gishiri na zuba wa liman a shayi. Ta yi ɗan murmushi. In ta ji gaskiya a halin da take, tsoron kaɗai ya isa.

Ita ta sake ta. Kowa ya san kulɓa na sake wutsiyarta.

Lahadi, 21, azahar

Rana ta fito daidai tsaka. Ban san lokacin da na isa gidan manaja ba. Malama ta shiga daji, akwatin kulɓar yana inuwar baranda. Na ɗauko shi na ajiye a kan matakala inda rana ta fi zafi, na tsuguna.

Shiru ko'ina. Ko tsuntsu. Irin shirun tsakar rana da kake jin jininka a kunne.

Can sai ta fito. Ta baje cikinta a kan ɓawon, ta miƙe ƙafafu huɗu, ta rufe ido. Na jefa mata kyankyaso. Ta yi kamar ba ta gani ba, sai caraf. Ina kallo gefen cikinta ya motsa, wani abu ya tura daga ciki ya koma.

Ina shiga gida Mirah ta kama hannuna ta ɗora a cikinta. "Kang, ji! Tun ɗazu yake harbi kamar ɗan ƙwallo. Kuma yunwa nake ji, a ba ni komai ma."

Na ce tun yaushe. Ta ce tun da aka kira azahar.

Na yi dariya tare da su. Daga baya na fita bayan gida na zauna.

Talata, 23, hantsi

Yanzu aikina ke nan. Da hantsi in fitar da akwatin rana, da la'asar in mayar. Malama tana tsammani son ilimi ne ya kama ni. Ina kawo gyare da gizo-gizo da kyankyaso a gwangwani, da ransu, ba ni ke kashewa ba, ita ke ci. Na so in tambayi liman ko kyankyaso ma yana cikin lissafi, sai na tuna zai tambaye ni dalili.

Wani ɗan tsiro ya fito inda wutsiyar take, toka-toka. Malama ta ce za ta sake tofowa, amma ba irin ta da ba. Sabuwar ba ta da ƙashi, kuma launinta daban.

Na ce, "Tsohuwar fa? In an ajiye ta?"

"Tururuwa su cinye."

Na ce in akwai gishiri fa. Ta kalle ni. Na ce wasa nake.

Alhamis, 25

Lafiya lau. Ta ci. Su biyun, Mirah da kulɓar.

Asabar, 27, bayan la'asar

Malama za ta koma birni ran Talata. Hutunta ya ƙare. Ta ce ko kulɓar ta haihu ko ba ta haihu ba da ita za ta tafi, in ta ƙi haihuwa a can sai a buɗe a ga 'ya'yan, shi ma ilimi ne.

Na ce ta bar min ita, in kamo mata wata.

"Wata ba ita ba ce, Legimin. Na yi wata biyu a dajin nan ban ga mai irin kanta ba."

Na ce matata na da ciki. Na faɗa mata dokar, ban da maganar tukunya. Ba ta yi dariya ba, in faɗi gaskiya. Ta ce kakarta ma tana da irin waɗannan, kuma ta gane. Amma ai ba ni zan yi ba, ita za ta yi, da allura, ba ciwo.

Na ce, "Hannun wa ya kawo ta?"

Sai ta ce tana da albishir da ta ɓoye min. In iri sabuwa ce, sunana za ta sa mata. A rubuta a takarda, a ɗaura a ƙafarta, a sa a kwalba. Shekara ɗari nan gaba ana kiran Legimin.

Na dubi kwalaben. Duk idonsu a buɗe.

Na yi godiya. Har da rusunawa.

Litinin, 29, azahar

Wannan ne wasan da na yi ban yi dariya ba.

Na zo da gudu ina haki na ce, "Malama, Malama, wata irinta! Ta fi ta girma, da wutsiyarta cif, tana kan gadar magudana ta can ƙarshen gonar koko!" Ta suri raga ta zura takalmi, ko dubawa ba ta yi ba wannan karon.

Na buɗe akwatin. Kulɓar tana kan ɓawo tana tauna wani abu ja. Ta rame, fatar cikinta ta yi laushi, na ce yunwa ce. Ban tsaya kallo ba. Na sa ta a hulata na kai ta kan rimin da na same ta.

Ta ƙi tafiya. Na ce, "Je ki mana, Hajiya. Na mayar da ke. Mun rabu lafiya." Ta rufe ido, kanta yana kaina.

Sai na ji Mbah tana ƙwala min kira daga gida, irin kiran da ban taɓa ji a bakinta ba.

Litinin, magariba

Mirah ta sauka a asibiti. Mace.

Na duba hannu, na duba ƙafa, na juya ta na duba baya har nas ta ce ko sayenta zan yi. Komai cif. Komai. Na yi mata kiran salla a kunne, muryata tana rawa kamar ta ɗan akuya. Mirah lafiya.

Alhamdu lillahi. Ya wuce.

Talata, 30, hantsi

Mun dawo gida da mabiyiyar. Mbah ta wanke ta da kanta a ɗaka, ta naɗe a farin ƙyalle. Na tsaya a bakin ƙofa na ce bari in riƙe mata tukunyar.

"Je ka yi wanka ka sa fararen kaya. Uba ba ya zuwa da dauɗa wurin ƙanwar 'yarsa."

Haka muke cewa, mabiyiya ƙanwa ce, tare suka zo, sai a yi mata gida kusa da ƙofa.

Kafin in fito ta rufe, ta ɗaure. Idonta ba ya gani sosai. Ko kuwa yana gani. Ta rataya min tukunyar a kafaɗa da zane, ta ce, "Ka san doka. Daga nan har rami ba magana, ba waige, ba tsayawa. In ka yi magana yarinya ta tashi da surutu irin naka."

Daga ɗakin Mbah zuwa hagun ƙofar gida ba nisa. Ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Bakina cike da magana. Ana tsaka da tafiya wani abu ya buga cikin tukunyar, daidai haƙarƙarina, sau ɗaya, kamar yatsa.

Allura ce ta zame. Allura ce.

Na sa a rami na rufe. Mbah ta kifa kwando a kai, ta rataye fitilar da za a riƙa kunnawa kwana talatin da biyar.

Talata, la'asar

Malama ta tsaya da mota a ƙofar gida. Na shirya shan zagi. Sai ta miƙa wa Mbah sabulu da 'yar riga, ta ja ni gefe.

"Babu komai a kan gada, ko?"

Na ce wataƙila ta gudu.

"Ka yi gaggawa, Legimin. Ta riga ta haihu da ka ɗauke ta. Na samu 'ya'ya huɗu ƙarƙashin ɓawo, kowanne kamar ɗan yatsa. Sun yi ƙanƙanta da ƙirga, na sake su a bakin daji. Su ba sa buƙatar uwa." Ta buɗe ƙofar mota. "Abu ɗaya ne ban taɓa gani ba. Mabiyiya ɗaya ta rage a akwatin. Ba sa bari. Ka ɗauke ta ba ta gama ba."

Alhamis, 2 ga Oktoba, azahar

Tana kan kwandon.

Kulɓar daji ba ta zuwa tsakar gida, Malama da bakinta ta faɗa. Amma ga ta, da guntun tsironta toka-toka, ta baje tana shan rana. Na kore ta da baki, ba da hannu ba. Ta sauka ta zagaya kwandon tana lasar ƙasa, ta koma ta hau.

Juma'a, 3, azahar

Ta dawo. Akwai ɗan tono a gindin kwandon. Na cike, na ɗora dutse.

Mbah tana zaune tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Bar ta. Mai kaya ba a hana shi zama kusa da kayansa."

Na ce, "Wane kaya, Mbah?"

Ta ci gaba da tsince shinkafa.

Asabar, 4, bayan azahar

An yi suna, kwana biyar kamar yadda muka saba a nan. Sunanta Lestari. Liman ya yi addu'a, an ci shinkafa rawaya da kaza. Abokaina suna ta jira in yi wani abu, wani ya ce, "Min, yau ba ka sa wa kowa kwaɗo a hula ba, ko zaman uba ya fara?" Na ce ya fara.

Yarinya lafiyayya. Tana sha, tana barci, ba ta kuka. Sai dai in an kwantar da ita a inuwa hannunta ya yi sanyi, sai Mirah ta matsar da tabarma inda rana ke shigowa ta taga. Nas ta ce jarirai haka suke.

Da mutane suka watse na shiga ɗaki. Mirah tana barci. Lestari tana cikin hasken tagar, ta miƙe hannu da ƙafa, ido a rufe ruf. Fatar idon siririya, har jijiyoyin ana gani.

Na tsaya ta damanta. Fuskarta tana wajena.

Na taka a hankali, ba ƙara, na zagaya ta hagu.

Mbah tana bakin ƙofa, ban ji zuwanta ba. Ta ce, "Daina zagaye, Min. Ta gan ka."